Jar Motar Yaya da Wasan Sunkani

Bakina ne ya jawo mini. Ranar da na ji babban wana, wanda muke kira Yaya, yana cewa ya gama haɗa injin tsohuwar jar motar da ya saya, sai na ruga filin ƙwallo na shaida wa 'yan kulob ɗinmu cewa kada kowa ya je tasha ranar Asabar, ni zan kai su wasanmu a garin Sunkani. Ban tambayi Yaya ba. Kujera biyu ce kacal a motar, amma na taɓa ganin motar garin Mutum Biyu ta kwashi mutane da buhunan shinkafa da akuya, don haka ban damu ba.

Injin nan ba irin na kowa ba ne. Babu fistin a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake wulwulawa. Duk Jalingo Yaya ne kaɗai ya yarda ya taɓa shi.

Ranar Asabar da hantsi yara suka cika ƙofar gidanmu sanye da rigunan wasa. Yaya ya harare ni, sannan ya murɗa makulli. Motar ta yi tari kamar tsohon da ya shaƙi yaji, ta yi shiru.

Kyaftin ɗinmu ya dube ni ya ce, "Direba, jirgin naka barci yake yi?"

"Ɗumama jiki yake yi," na ce, gumi na bin bayana.

Yaya ya duba batir, lafiya lau. Ya miƙo mini wayar filogi. "Riƙe nan, mai alkawari, mu ga ko akwai wuta." Ya murɗa makulli. Akwai wuta! Wallahi sai da na hango Kasuwar Jalingo daga sama.

Da ya kwance filogan sai ga su sharkaf da fetur. Ya ce injin ya sha mai ya ƙware, kuma sabon haɗi ne, bai kama jikinsa ba tukuna. Na kai su murhun Mama, inda take suyar ƙosai, na gasa su kamar masara. Yaya ya ɗauki cokalinta ya ɗura baƙin mai a ramukan filogan.

"Cokalin kokona ne wannan, ɗan nan!"

"Zan wanke, Mama."

Ya mayar da komai ya murɗa. Motar ta yi kamar za ta kama, ta fasa. Yaya ya dubi 'yan wasa. "Tunda kun zo, ku tura."

Muka tura ta gangare, ta ƙi. Muka maido ta sama, muka sake. Mai tsaron ragarmu yana nishi yana cewa gara ya tafi Sunkani da ƙafa. Ana cikin haka ta yi wata ƙara, fam! Farin hayaƙi ya turnuƙe layin, har maƙwabcinmu ya leƙo yana godiya, wai an zo feshin sauro. Muka hau tsalle muna ihu, kyaftin ya ɗaga ni sama.

Yaya ya leƙo ta taga. "In na kashe ta yanzu za ta sake ƙwarewa. Mutum ɗaya ya shigo!"

Kafin in motsa mai tsaron raga ya faɗa ciki da ƙwallaye. Sauranmu a bayan motar doya muka je, turin mota ya gama da mu tun ba a busa usur ba. An ci mu huɗu da nema, kuma har yau Direba ake kirana a unguwa.