Goggo Tasalla, Muryarki Ba Ta Daina Fitowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Goggo Tasalla Abdulsalami, shugabar ƙungiyarmu ta 'yan gaɗa a unguwar New Bell, bayan gajeriyar jinya. Kafin La'asar an kai ta makwancinta.

Goggo, ni ce Khairiyya, wadda kike tsokana da "mai hira da ƙasa" don ba na iya ɗaga kai. Abin da bakina ya kasa faɗa a zaman makoki shi nake rubutawa.

Ke kika bi gida-gida kina roƙon iyayenmu su bar mu mu koyi waƙoƙin gaɗa. Suka yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada fuskar ko yarinya ɗaya ta fito a waya. Sai kika riƙa kife turmi, ki jingina wayarki a kansa, ta ɗauki tafin hannunmu da lallenmu da ƙafafunmu kawai. Duk Juma'a waƙa ɗaya ke hawa shafinmu na Facebook. Mata daga Garwa da Marwa da Kano suna turo saƙon murya, wata har da kuka, wai mun tuna mata da kakarta. Ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi, cikin ruwan sama kika hau babur ɗin haya, bensikin, har unguwar Akwa neman sabis don kada masu jira su kwana babu waƙa. Ranar da muryata ta maƙale kuma, kika tsaya a bayana kina rerawa ƙasa-ƙasa har na kama, sannan kika saya mini makala, wato fanke, da wake.

Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarki muna zaune a tsakar gidanki, sai wayar wata mata ta ce da muryarki, "Salamu alaikum 'yan uwa, ga waƙar wannan mako." Gida ya ɗauki salati. Ashe tun kina kwance kin jera waƙoƙin, kin sa wa kowace ranar fitowarta. Har yanzu suna fitowa, mutanen nesa suna rubuta miki "Allah ya ƙara lafiya."

Akwai waƙar da ni na ba da ita. Muna tsakiyar ɗauka turmin ya motsa, wayar ta ɗago, ta kama fuskata ina dariya, mayafina ya zame. Kika ce, "Kwantar da hankalinki 'yata, zan yanke wurin." Washegari ciwo ya kwantar da ke. Ban san ko kin yanke ba. Waƙoƙin suna fitowa yadda muka ɗauke su, tawa ce ke biye.

Wayarki da ɗan yatsanki take buɗewa, lambar sirrinta kuwa ke kaɗai kika sani. Babu wanda ya tuna da haka sai bayan an dawo daga maƙabarta. Mun kai wa Awalu mai gyaran waya, ya jujjuya ta, ya ce, "C'est bloqué, a kulle take, ƙanwata. Ko na farfasa ta, shafin ba zai tsaya ba."

Jiya na durƙusa na gaya wa Baba. Ya dube ni ya ce, "Sharaɗi sharaɗi ne. In fuska ta fito, ba ke kaɗai ba, dukanku za ku koma gida." Ya ce gobe Juma'a in an sauko daga masallaci a miƙo masa waya, shi zai fara gani.

Ban riƙe ki da komai ba, Goggo. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Malam Zakariya'u mijinki da 'yarki Nana Hadiza ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma Allah ya sa ƙarfinki ya kai ga yanke wurin nan.