Ranar da na sa ma Alhaji Mai Wake faks a Dakoro

Jama'a, abin da zan ba ku wallahi ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji ba, a gabana ya faru, da kunnen nan nawa na ji, in na ƙara gishiri Allah Yana gani. An daɗe yanzu, lokacin salula ba ta iso Dakoro ba, ni kuwa ina saurayi a Maradi ina gyaran ordinata, wato kwamfuta, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Maigidana ne ya aike ni wurin wani attajiri da kowa ke ce ma Alhaji Mai Wake, in sa mashi kart ɗin faks cikin ordinatarshi in haɗa ta da layin talho, don abokan cinikinshi na Maradi da na ƙetaren iyaka sun dame shi, wai sun gaji da aiko takardu ta hannun direbobi. Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, na sha jar ƙurar laterit a bayan kamyo, babbar motar kaya, har na isa garin jikina ja wur.

Biron Alhaji, wato ofishinshi, can ƙuryar mangazarshi yake, sai ka ratsa tsakanin buhunan wake da na hatsi da aka jera har rufi kafin ka kai. Mutum ne dogo, ya manyanta, mai barkwanci, yana ganina da jakar kayan aiki ya raɗa mani suna Mai Turnabis, wato mai ƙarfen kwance ƙusa. Ordinatar kuwa an lulluɓe ta da wani zane mai ado, da ka gani ka san girmama ta ake yi, ba aiki da ita ba. Mutanen talho sun riga sun jawo waya daga falwaya zuwa wani ɗan akwati a bango, amma Alhaji ya ce ma'aikacinsu bai haɗa layin can santaral, babban ofishinsu, ba tukuna, ya tahi Maradi sai ya dawo. Ke nan wayar matacciya ce, ba ta zuwa ko'ina. Na ce ba komi, in gama nawa, ranar da suka haɗa sai ta kama aiki.

Ina cikin kwance murfin na'urar sai ga wani mutum ya shigo da sallama, duk ya yi gumi, ashe ƙanen Alhaji ne, Sani, daga ƙauyensu da ke bayan Sabon Maci. Bai ko zauna sosai ba ya ce jikin Inna, mahaifiyarsu, ya tsananta, ko kunu ba ta karɓa, ya kamata Yaya ya zo. Alhaji na jan tasbaha ya nuna ni da haɓa ya ce ga baƙo an aiko tun daga Maradi, a bari a gama aikin na'ura, gobe in Allah Ya kai mu. Sani ya ce haka Yaya ya faɗa ran kasuwar da ta wuce. Ya sa takalmanshi ya fita, na ji tashin babur ɗinshi.

Ni kuwa kun san yaro da baki, magana ba ta kwana a cikina. Da aka kawo mana hura da cuku na ce Alhaji, aikin nan fa ba ya buƙatar ka tsaya a kaina, ka je ka duba tsohuwa mana. Na zaci zai ci mutuncina, sai na ga ya aje ludayi cikin ƙwaryar.

Ya ce, "Mai Turnabis, ba na'urarka ta riƙe ni ba. In na tahi, mi zan ce mata?"

Ashe shi ne ɗan farinta. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku riski irin kunyar ɗan fari ta mutanen da ba, to tata ta wuce ta kowa. Tun da aka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Ya ce tsawon rayuwarshi Inna ba ta taɓa kama sunanshi ba, ba ta taɓa kallonshi ido cikin ido ba. In ya je gaisuwa daga bayan zana yake durƙusawa, ita kuma sai ta ce ma ƙanwarshi Rabi, ki ce ma baƙon nan ya ci tuwo kafin ya huce. Ya kai ta Makka, ya gina mata ɗakin siminti, amma ba su taɓa zama su biyu sun yi hira ba. Ya ce abin da ke ba shi tsoro shi ne ya je ya tsaya a kanta tana wannan hali, ita ta kau da kai, shi ya rasa bakin magana, a rabu a haka. Wallahi tausayi ya kama ni, babban mutum mai motoci yana magana kamar maraya.

Bayan azahar na koma kan aikina. Na hure ƙura da ƴan ƙwarin wake da suka shige cikin na'urar, na zura kart ɗin a raminta, wani ɗan faifai ne kore da bai kai tafin hannu biyu ba, na danna har ta zauna, na ɗaure ta da ƙusa, na sa disket na loda ma ordinatar abin da za ta gane kart ɗin da shi. Ina gamawa kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Gari ya yi tsit, leburori duk sun miƙe kan buhuna, Alhaji na kishingiɗe kan buzu idonshi a lumshe, hurar nan ta sauka a jikina, wani hasken rana ya ratso ta hujin kwano yana kwance kan tebur. Na ci gaba da bin bango da siririyar waya ina kafa ta, daga akwatin nan zuwa bayan ordinata, ina yi ina jin hannuwana kamar ba nawa ba.

To akwai ƙa'idar da maigidana ya koya mana da zagi da rankwashi: ba ka cusa waya a na'ura sai ka fara saurarenta, don mugun layi yana ƙone kart. Muna da wani kan talho na gwaji mai ƴan haƙora biyu da ake maƙalawa a waya. Na san layin matacce ne, amma sabo turken wawa, na maƙala na kara a kunne. Wanda ya san aikin ya san abin nan ba shi da batir, daga layi yake shan wuta, in babu layi ko tarin kanka ba za ka ji ba.

Sai na ji fili. Ban san yadda zan faɗa maku ba, ba ƙarar layi ba ce, wani sarari ne mai faɗi ya buɗe a kunnena. Kurciya na kuka can nesa, ana daka a wani gida, luguden na zuwa yana komawa, iska na kaɗa zana, kaza na kiran ƴaƴanta. Na rantse har ƙamshin hayaƙin kara na ji a hancina, da sanyin ɗakin da aka yayyafa ma ruwa. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, wani daɗi ne ma ya lulluɓe ni, na ji ina ma a bar ni a haka. Can sai ga numfashi dab da kunnena, sannu sannu, sannan muryar tsohuwa, siririya, a natse, ta ce, "Iliyasu na nan?"

Na juya na ce Alhaji, akwai wani Iliyasu cikin leburorinka ne, ga wata tsohuwa na nemanshi. Wallahi har lokacin hankalina bai kawo cewa bai kamata a ji kowa a wayar ba. Alhaji ya buɗe ido, ya tashi zaune a hankali, fuskarshi ta canza. Daga baya na san sunanshi na yanka ke nan, tun yana makarantar allo rabon da a kira shi da shi, a Dakoro kaf ba wanda ya sani.

Ya taso ya karɓi kan talhon da hannu biyu, yana kai shi kunne sai na ga ya durƙusa nan ƙasa gaban tebur, kanshi a sunkuye, yadda ake gaida manya. Wurin ya yi shiru har ina jiyo muryar tana fitowa ƴar ƙarama, tana kiran sunan, ta dakata, ta sake kira, ba gaggawa, ba faɗa, kamar mai ɗanɗana abu mai daɗi. Leɓunanshi na motsi, hawaye na bin gemunshi, amma ko uffan. Na matso na ce a hankali, Alhaji ka amsa mana, ka ce na'am. Ya buɗe baki, abin ya ƙi fita. Muna haka kuran ya dawo, fanka ta fara juyi, ya miƙo mani kan talhon, na kara a kunne, babu komi sai shirun matacciyar waya.

Ko hula bai tsaya nema ba ya ɗauki makullin mota, ya ce in shigo tunda hanyar Maradi ce. Na kwashe kayana, na bar wayar na reto a bayan ordinata. Duk tahiyar ni dai ina kallon gonaki a share suna jiran ruwa, sai a lokacin tsoron ya iso ni. Muna shan kwanar gidansu da la'asar sakaliya muka hangi maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, Sani na tsakiyarsu kanshi cikin gwiwa. Alhaji ya kashe mota ya yi salati.

A bakin zaure Rabi ta tare shi, ina bayanshi, don haka da kunnena na ji. Ta ce bayan azahar Inna ta buɗe ido ta tambayi ko yana nan, da sunanshi, sannan ta shiga kiranshi, har matan da ke ɗakin suka riƙe baki, don ba wadda ta taɓa jin sunan a bakinta, suka ce zafin ciwo ne. Rabi ta ce mata Inna ba ya nan, yana Dakoro, an tahi kiranshi.

Rabi ta share ido ta ce, "Sai ta yi murmushi, Yaya. Ta ce ku ƙyale shi, ya ji, ga shi nan durƙushe, kunya ce ta hana shi. Daga nan sai kalmar shahada."

Alhaji ya dafa bangon zauren. Can, a gaban mutane, da muryar da ta dushe, ya dubi ƙofar ɗakin da Inna take kwance ya ce, "Na'am, Inna." Ba wanda ya ɗaga kai cikinmu.

Da na koma ƙarasa aikin bayan an yi addu'ar bakwai, na sami ma'aikacin talhon, na tambaye shi, ya rantse bai taɓa layin ba sai da ya dawo daga Maradi, kuma ƙauyen su Alhaji ko falwaya ɗaya babu, balle talho. Na tambayi wani malami, ya ce in bar ma Allah saninShi. Faks ɗin ya yi aikinshi lahiya lau har aka daina yayinshi, ba a sake jin komi ba. Ni dai har yau ban san ta ina muryar nan ta biyo ba, kuma in na tuna yadda take kiran sunan nan a natse sai tsikar jikina ta tashi. Ku da iyayenku ke raye, don Allah in an ce maku jikinsu ba daɗi ku aje abin da ke hannunku ku tahi, ko ba ku da abin faɗa ku je ku zauna kusa. In sun kira ku kuwa, ku amsa tun suna ji.