Gadon Zaliha

Wana Alƙasum maginin rumbu ne. Duk wanda ya ratsa Affala a farkon mulkin kai ya ga aikinsa ko bai san sunansa ba: rumbunan laka masu ƙaton ciki, waɗanda ruwa ke duka shekara da shekaru ba su tsage ba. Mutum ne mai nauyin baki. Sai ka tambaye shi da hantsi ya ba ka amsa da azahar. Ni ƙanwarsa kuwa, Allah ya haɗa mini surutuna da nasa.

Kamar kowane Ba'adare mai ƙarfi, da an ɗaure gero yakan tafi Abijan cin rani. Tun da fuka ta kama ɗiyarsa Zaliha ya daina. Yarinyar ba ta iya kwanciya. Da bayanta ya taɓa tabarma sai ƙirji ya hau kuka, ta tashi zaune tana haki. An kai ta likita a Tawa, maganin yana kwantar da ciwon in ya tashi, amma bai kawo barci ba. Abu ɗaya ke sa ta runtsa: uban ya jingina da bango, ita ta jingina da ƙirjinsa. Haka sunka yi ta kwana a zaune, har wuyansa ya karkace.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Rumbunsa bai kai rabi ba, kuma ba mai kiransa gini, to me za a zuba? In ya zauna, abincin gidan ba ya kai su damina. In ya tafi, Zaliha ba ta da wurin jingina. Uwarta Hajara ta gwada, ni ma na gwada. Yarinyar ta ce jikin uwarta zafi, nawa kuma ƙashi. Ji min ɗiya.

Sai kawai munka ga yana kwaɓa laka. A wani ƙaramin ɗaki nesa da murhu da turken awaki ya gina gado mai tudu ta wajen kai. Tun lakar na da danshi ya shimfiɗa zane, ya ce Zaliha ta jingina yadda takan jingina da shi. Bayanta ya fito a jikin lakar. Ya rage nan, ya ƙara can, ya bar shi ya bushe.

Daga nan ya waiwayi shayi. Wajen Buzaye ya koyi dafa shi, kuma kullum da almuru shi ke miƙa wa Zaliha ruwa na uku, mai zaƙin nan da akan ba yara. Ya lura ranar da ganyen ya ƙare ta fi saurin lumshe ido. Ba zai iya sha tana kallonsa ba, don haka ya kife butar gaba ɗaya. Abokan hirarsa sunka yi ta tsiya, wai Alƙasum ya fara rowa. Ko a jikinsa.

Rigimar da ta fi zafi da Hajara anka yi ta. Ita don tausayi takan bar yarinyar kwance a ɗaki wuni guda, tana gyangyaɗi.

"Malam, so kake ka kashe mini ɗiya?" in ji ta, ranar da ya fito da Zaliha da sanyin safiya su taka zuwa rijiya.

"Wanda ya kwana da rana, mi za shi yi da dare?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Na goyi bayan Hajara, ban ɓoye ba. Amma yarinyar ta riƙa dawowa da yunwa, kuma kafin isha'i tana hamma. Da an sallame sai ya wanke mata ƙafafu da ruwan ɗumi, ya kashe fitila, ya ce ta ja iska ta hanci ta sake ta a hankali kamar mai hura kunu. Kullum haka, ba sauyi. Da fari yana zaune hannunsa na kafaɗarta. Daga baya ya koma bakin ƙofa. Daga baya can waje, yana ɗan gyaran murya don ta san yana nan.

Ba a rasa ranar da ciwon ya tashi ta koma ƙirjinsa tana kuka ba. Na ce masa, "Yaya, wahalar banza kake."

Ya ce, "Gobe mu sake."

Sunka sake kuwa. Kafin masu tafiya su gama shiri, Zaliha na kaiwa asuba a gadonta.

Ana gobe tafiya ta kama hannun rigarsa. "Baba, ka tashe ni in za ka tahi." Ya shafa kanta.

Bayan sallar asuba abokan tafiya sunka tsaya ƙofar gida da jakuna, suna sauri kada motar Tawa ta bar su. Hajara ta nufi ɗakin za ta tashi Zaliha. Ya tare ta da hannu. Ya tsaya bakin ƙofa da ƙunshinsa a kafaɗa, yana sauraron numfashin yarinyar na shiga da fita ba kuka ba haki. Na ga idonsa ya cika, ni ma tausayinsa ya kama ni.

"Ku bar ta," ya ce. "Na daɗe ina roƙon Allah wanga barci."

Sai da rana ta ɗaga Zaliha ta farka. Da ta ji ya tafi ta yi kuka, ta ƙi fura, ta ƙi kula mu wuni guda. Bayan isha'i ta ɗebo ruwan ɗumi da kanta, ta wanke ƙafafunta, ta ce, "Gwaggo, kashe fitilar."