Mutumin da Ya Kwanta a Kan Rufin Makarantarmu

Kafin ɗalibi na farko ya iso, Baba Kafinta ya riga ya zagaye azuzuwa, ƙusoshi a baki, guduma a ƙugu. Yana girgiza kowane benci, wanda ya yi ƙara ya ja shi waje. Haka ya riƙa yi tun sakandaren ƙauyenmu tana ɗaki biyu ba ƙofa, awaki na kwana a ciki. Duk rufin da aka ƙara daga baya shi ya ɗora. Amma ranar yaye ɗalibai, masu jawabi sukan gode wa kowa har da mai lasifika, su tsallake shi.

Bara aka fara yarda yaranmu su rubuta jarrabawar ƙarshe a nan, ba sai sun je birni ba. Ranar lissafi, ina cikin malamai masu sa ido, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Iska ta shiga ƙarƙashin kwanon babban ɗaki, kusurwa ɗaya ta fara ɗagawa tana faɗuwa kamar murfin tukunya. Jami'ar da aka turo ta dubi sama ta ce, "In ruwa ya taɓa takardun nan, tattara su zan yi. Sai baɗi."

Ga 'ya'yan manoma, baɗi ba ta zuwa. Wanda ya koma gona ya koma ke nan.

Shugaban makaranta ya fita ya tarar Baba ya jingina tsani ya fara hawa.

"Baba, sauko don Allah. Ƙusa ba za ta kama a wannan iskar ba."

"Na sani, Malam. Ai ba ƙusa zan sa ba."

Ya hau, ya kwanta rub da ciki a kan kwanon, ya damƙe bakin kwanon da hannu biyu. Ruwa ya kece. Daga ciki muna ganin kusurwar tana ɗagawa da shi, tana sauka da shi. Aka yi tsawa, wata yarinya a layin gaba ta saki biro tana kallon sama. Na ce mata, "Rubuta." Ni kaina jira kawai nake in ji faɗuwarsa.

Bai faɗo ba. Da aka karɓi takardu aka sauko da shi yana rawar sanyi, kwano ya tsaga masa tafin hannu har ƙashi. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Sun gama?"

Yatsunsa biyu na dama ba su sake lanƙwasawa ba. Bana ya ajiye aiki, don hannun ya daina riƙe guduma.

Baba, kai ne inuwar 'ya'yan talakawa. Yaran da suka zauna ƙarƙashinka ranar nan, wasunsu suna manyan makarantu yau. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri.

Ku kuma tsofaffin ɗalibai, in za ku yi koyi da shi, ba sai kun je nesa ba. Rufin ɗakin Baba yana yoyo, shi kuwa ba ya iya hawa. Damina ta kusa, kuma kun san gidan.