Ranar da Shamaki Ya Zo Neman Aure Gidan Gwaggo Tabawa

Wata rana, a makon da fim ɗin Shigifar Ciroma ya fito, saura ƙiris wani aure ya mutu a layinmu tun ba a ɗaura shi ba.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani gidan sarauta ne na zamanin Turawa. Soraye, manyan riguna, kuyangi suna kai da kawo da akussa, barori a zube a ƙofar turaka. Mun daɗe muna binsa a talabijin kafin a mayar da shi fim na sinima.

Mutum biyu ne suka riƙe shirin.

Akwai Ciroma, mai gidan. Ga haƙuri, ga kyauta, ko faɗa zai yi sai ya fara da murmushi.

Akwai kuma Shamaki, babban baransa, wanda ya ci tuwonsa ya sha furarsa, sannan ya riƙa kai sirrinsa wurin Bature har aka tuɓe masa rawani.

Ni masoyiyar shirin ce, ba na ɓoyewa. Amma tawa soyayyar wasan yara ce in aka haɗa ta da ta maƙwabciyata, Gwaggo Tabawa.

Ita ba kallo take yi ba, a cikin gidan take zaune. In Ciroma ya shigo sai ta gyara mayafi. In Shamaki ya leƙo sai ta ja tsaki ta kau da kai. Ranar da aka tuɓe Ciroma ba a hura wuta a gidanta ba.

Tare muka je sinima da ita. Kowa ya zo ne don abu ɗaya, ya ga yadda ƙarshen Shamaki zai kasance.

Sai masu fim suka yi mana ba-zata. Ciroma ya yafe masa. Shamaki ya tsufa, ya mutu a kan gadonsa, har da cikawa da kalmar shahada.

Ɗakin kallo ya ɗauki guna-guni. A waya kuwa ba a cewa komai, masu zagin marubuci daban, masu neman a sake ƙarshen daban.

Muna cikin adaidaita Gwaggo ta ce, "In su sun yafe, ni ban yafe ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ban san da gaske take ba.

Gwaggo tana da 'ya, Suwaiba. 'Yar ƙaninta ce da ya rasu, ita ta riƙe ta tun daga yaye. Yarinya mai nutsuwa, malama ce a wata makarantar firamare. Ta daidaita da wani saurayi, Nazifi, mai haɗa wutar sola. Gwaggo da kanta take yabonsa, in ta yi dambu sai ta ajiye masa nasa.

Asabar ɗin makon manyan Nazifi suka zo neman aure. Baffa Lawandi, ƙanin Gwaggo, shi ne waliyyi, shi ya tarbe su a zaure. Ni kuma ina ciki ina taya zuba abinci.

Gwaggo ta ce bari ta leƙa ta labule ta ga surukan nata.

Ta dawo ta zauna a bakin rijiya, ta yi tagumi.

Ta ce mini, "Shamaki ne a zaurena."

Na ɗauka zolaya ce, na je na leƙa. Wallahi shi ne. Babu rawani, babu kwalli, dattijo ne cikin farin kaftani ya naɗe ƙafa a kan tabarma. Sunansa na gaskiya Malam Tanimu, kuma shi ne mahaifin Nazifi.

Ashe Suwaiba ta sani. Tsoro ne ya sa ta ce wa Gwaggo uban yana harkar fim kawai, ita kuma ta ɗauka mai riƙe kyamara ne.

Kun san al'ada, ba a ba da amsa a ranar. Baffa Lawandi ya ce musu an ji, za a yi bincike, sannan a neme su.

Suna fita Gwaggo ta tare shi.

"Binciken me, Lawandi? Shekara nawa ina kallon mutumin nan? Wannan juya idon da yake yi ba koyonsa ake yi ba, da shi ake haifar mutum. Kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Baffa ya ce, "Yaya, wasa ne fa. Rubuta masa aka yi."

Ta ce, "Me ya sa ba a rubuta wa wani ba sai shi?"

Ta yanke magana. In Baffa ya ga dama ya ɗaura, shi ne waliyyi. Amma babu hannunta, babu albarkarta, kuma ƙafarta ba za ta taka ɗakin amarya ba.

Suwaiba kuwa ta ce ba za ta shiga gidan miji ba tare da albarkar matar da ta goya ta ba. Ta daina cin abincin kirki. In na shiga gidan sai in tarar idonta ya kumbura.

A nan dariyata ta ƙare. Raina ya ɓaci sosai, na kuma faɗa wa Gwaggo a gaban idonta. Ta ce ni yarinya ce, ban san mutane ba.

Baffa dai ya yi abin da ya dace. Ya tura mutane unguwar su Malam Tanimu. Liman ya yabe shi. Mai shagon layinsu ya yabe shi. Har waɗanda suka taɓa haya a gidansa suka ce ba su taɓa jin kansu da shi ba.

Aka kawo wa Gwaggo rahoto.

Ta ce, "Ai haka ya yaudari Ciroma."

Na rantse muku, in mutum ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, duk shaidar da ka kawo masa ƙarin hujja ce a wurinsa.

Ana nan, wata yamma muka ji sallama. Malam Tanimu ne ya dawo, yana neman izinin gaida Hajiya. Gwaggo ta ce a ce masa tana da uzuri.

Sai wata murya ta sake yin sallamar. A hankali, harshen yana ɗan sarƙewa, amma babu wanda ya kalli shirin nan da zai kasa gane ta.

Gwaggo ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Suka shigo tsakar gida. Malam Tanimu yana tallafe da wani dattijo mai jan ƙafa ɗaya, hannunsa na hagu a lanƙwashe. Alhaji Mamuda ne, wanda ya fito a Ciroma. Duk mun san ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bayan an gama ɗaukar fim. Mun yi ta sa hotonsa a waya muna rubuta Allah ya ba shi lafiya.

Malam Tanimu ya zaunar da shi a kujera, ya cire masa takalmi, ya gyara masa hula, sannan shi ya zauna a ƙasa.

Gwaggo ta durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, me ya haɗa ka da wannan mutumin, bayan abin da ya yi maka?"

Alhaji Mamuda ya dube ta ya ce, "Hajiya, da ciwo ya kwantar da ni, ku addu'a kuka turo mini ta waya, na kuma gode. Shi kuwa shi yake juya ni a kan gado, shi yake yi mini alwala."



Gwaggo ta dubi hannun da ya shanye. Ta dubi mutumin da ke zaune a ƙasa riƙe da takalman abokinsa.

Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka.

"Malam Tanimu, na zage ka ba adadi. Ka yafe mini."

Wannan ne karon farko da ta kira shi da sunansa.

Ya ce, "Hajiya, zagin ba ya damuna. In ba ku tsani Shamaki ba, ban iya aikina ba ke nan. An jefe ni da ɓawon rake a kasuwa, na yi dariya na wuce. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda ya sauka a kan ɗana Nazifi. Na ce masa ya tura ƙanina a madadina, a ɓoye ni har a ɗaura. Ya ce gidan da za a ɓoye ubansa kafin a ba shi mata, ya haƙura da shi."

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi. Ta juya wajen ɗaki.

"Suwaiba, fito ki gaida babanki."

Yarinyar ta fito tana kuka, ta durƙusa a gabansa. Gwaggo ta ɗora hannu a kanta ta ce, "Na ba ɗanka. Wanda ya ƙi ɓoye ubansa ba zai wulaƙanta mini 'ya ba."

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Gwaggo ce ta kai amarya da kanta.

Darasi:

Ku so shirinku, ku yi musu a kan ƙarshensa, ku yi fushi da marubuci in kun ga dama. Ni ma ina yi. Amma rigar da mutum ya sa a gaban kyamara ta masu fim ce, can yake cire ta ya bar musu. In kuna son sanin halinsa, ku tambayi wanda ya kwanta ciwo a kusa da shi.

Kuma ba 'yan fim kaɗai ba. Akwai mutane da yawa da muka yanke wa hukunci daga abin da muka hango a waya, alhali ko gaisawa ba mu taɓa yi da su ba.

Kowane gida akwai Gwaggo Tabawarsa. Ku tura wa taku wannan, kafin baƙi su yi sallama a zaurenta.