Tambayar da Yaya Safiya Ke Yi wa Masu Jego

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayata Safiya, mai koko da ƙosai a bakin titi a unguwar Asawase. Dangi sun ce in zan tuna da ita a jarida, in tsaya kan kirkinta, kada in taɓo zancen haihuwarta ta fari. Ban yarda ba.

Da ta haifi Hadiza, ba ta kallon jaririyar. Takan ba ta nono fuska a kauce, ta miƙa wa duk wanda ke kusa. Tsofaffi suka yi ta yabo, wai kunyar 'yar fari ce. Wata rana da hantsi ina haɗa mata ruwan wankan jego, ta ce, "Rabi, ba kunya ba ce. In na ɗauke ta, ji nake kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo." Da ta gaya wa surukarta, aka ce ta yi istigfari ta kama bakinta. Sai da Hadiza ta fara rarrafe ƙauna ta sauko mata, kuma ita kaɗai ta sha wannan wuyar.

Tun daga nan, duk gidan da aka haihu a Zango, unguwarmu ta Hausawa, in 'yan barka sun watse, sai ta zauna bakin gadon mai jego ta ce, "Ke fa, yaya kike jin yaron nan a ranki?" An kore ta daga wasu gidaje, wai tana cusa wa mata mugun tunani. Washegari sai ta koma da kwanon koko. Wadda ta fashe da kuka, sai Yaya ta saka ta a trotro, motar haya, su tafi asibiti.

Watan jiya Hadiza ta kai ɗanta awo. Da nas ta gama da yaron, ta juyo gare ta: tana samun barci? Tana jin daɗin rungumarsa, ko tana jin nisa da shi? Wasu na cewa tsirfar Turawa ce, alhali Yaya ko Turanci ba ta ji. Da tana raye ba tafin murna za ta yi ba. Cewa za ta yi, "To, in yarinya ta ce nisa take ji, wa zai bi ta gida?" Wannan bin shi ne aikin da ta bar mana.

Hadiza ta san labarin, daga bakin uwarta ta ji. Na tambaye ta ko in cire sunanta. Ta ce, "Mma," don haka take kira na, "bar shi. Ki ƙara da cewa ba wanda ya taɓa so na kamar ita."

Allah ya jiƙan Yaya.