Hoton da Ya Hana Amsa Sallama

Da ana iya mayar da dare baya, da na mayar da daren da na hana aminina amsa sallama saboda hoto.

Ɗaukar hoto ce sana'ata tun ina saurayi, na fasfo da na biki. Bayan na tsufa ɗana ya kawo mini sabuwar kyamara, ya nuna mini a waya yadda ake barin idonta a buɗe cikin duhu na ɗan lokaci. Fitilun motoci da babura sai su fito kamar an ja zare ja da fari a kan titi. Abin da ya tsaya cak shi ke fitowa sarai, abin da ya motsa kuwa sai ya koma hayaƙi. Abin ya shiga raina, har uwargida ta ce tsufa ya zo mini da wasa.

Aminina tela ne a Ƙofar Marusa, tare muka taso. Na lallashe shi ya sa babbar riga, bayan isha'i muka je bakin titi a Ƙofar Kaura. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, na tsayar da shi inda fitilar wani kanti ke haska fuskarsa. Abin da nake nema bai wuce ya daskare na tsawon karanta Fatiha sau biyu ba.

To amma Katsina ce, kuma rabin garin shi ke ɗinka musu kaya. Ina dannawa sai wani ɗan acaɓa ya ce, "Malam, barka da dare." Aminina kuwa ya ɗaga hannu, ya tambayi gida, ya tambayi mai jiki. Na duba hoto, na ga mutum da kai uku.

"Wanga ba kai ba ne, aljani ne," in ji ni.

"Kyamararka ce ba ta da tarbiyya. Mutum ya gaishe ni in yi mashi shiru?"

"Kowa ya zo, kada ka motsa, kada ka buɗe baki. Ni zan amsa maka."

Ya yarda. Na jira har manyan motoci suka jero da fitilu, na danna. A daidai nan wani Alhaji ya ɓullo a ƙafa. Shi ne kawu kuma waliyyin yarinyar da ɗan aminina ke nema, a satin nan ma za a je neman auren. Ya tsaya, ya yi sallama. Aminina ya ƙura wa kyamara ido. Alhaji ya sake sallama, ya miƙa hannu.

Ina cikin duhu, na gane muryar sarai. Amma fitilar wayarsa na kunne a ɗayan hannun, na san in na amsa zai juyo ya haske mini idon kyamara. Sai na yi gum. Alhaji ya janye hannunsa ya wuce.

Washegari aka aiko cewa a dakata da zuwa tukuna. Aminina bai zage ni ba, sai dai ya ce in sa hula in biyo shi. Na wanke hoton na tafi da shi, ya zama shaida. A zaure Alhaji ya daɗe yana dubawa. Ga aminina tsaf kamar ango, ga zaren fitilu a bayansa, a gefensa kuma wani ɗan duhu-duhu mai kama da hannu.

"Ni ina nake?"

"Ga ka nan, Alhaji, wannan hayaƙin."

"To. Shi bai ji ni ba, injinka bai gan ni ba. Kai fa, Malam mai hoto, mi ya kama bakinka?"

Na gaya masa gaskiya, da alkawarin da na yi, da maganar fitilar waya. Bai yi dariya ba. Ya juya wajen aminina ya gaishe shi tun daga farko, gida, iyali, aiki, gajiya, aminina yana amsawa har da wadda ba a tambaya ba. Sannan ya ce su zo ranar Juma'a.

An ɗaura aure, amma ba ni na ɗauki hoton bikin ba. Alhaji ya ce a nemo mai hoton da ke da baki. Har yau in na yi sallama a shagon aminina, wani lokaci sai ya daskare da almakashi a hannu, sai na gaji da tsayuwa ya ce hoto ake ɗaukarsa.

Ku masu sha'awar hoton dare, ina roƙonku kada ku yi irin nawa. In an yi sallama ku amsa, hoton ya lalace, wasu motocin na nan tafe.